Fitila Mai Ruwan Zinariya da Ɗakin da Za Ta Rataya a Cikinsa: Martani

Tun da silin ɗin POP ya zama ruwan dare a sababbin gidajen Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi, fitilar nan mai rassa da ake ratayawa a tsakiyar falo, wadda 'yan kasuwa ke kira shandaliya, ta shiga cikin kayan da ake sa ran gani a gidan duk wanda Allah ya buɗa wa, har ta fara kutsawa cikin lissafin kayan ɗakin amarya. A kan wannan yayi ne wani marubuci mai sharhi kan adon gida ya fitar da maƙala, inda ya kafe cewa fitila mai ruwan zinariya ta dace da kowane irin gida, cewa gwargwadon girmanta gwargwadon kwarjininta, cewa ita kaɗai ta isa ta haskaka falo, kuma cewa kadara ce da ba ta tsufa, tunda zinariya ba ta faɗuwa. Shawarar da ya bai wa mai saye ita ce ya dubi launin kujerunsa da labulensa, sannan ya ɗauki mafi girman wadda aljihunsa zai iya. Maƙalar ta yi daɗin karatu, sai dai wanda ya bi ta sau da ƙafa yana iya kashe maƙudan kuɗi ya ƙare da falo mai duhu da zafi, da nauyin ƙarfe da gilashi rataye a saman kawunan 'ya'yansa, kuma wannan ne ya sa ta cancanci martani.

Akwai inda marubucin ya yi gaskiya, kuma adalci ne a faɗe shi. Ƙawata saman ɗaki tsohon abu ne a ƙasar Hausa, domin maginan gargajiya sun daɗe suna zuba gwanintarsu a rufin soro, suna haɗa bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakunan ƙasa da azara waɗanda ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya, har wasu kan kafa tasa mai ƙyalli a inda bakunan suka sadu domin ido ya sami wurin sauka. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne a kan haka. Saboda haka sha'awar a ɗaga kai a ga abu mai kyau halas ce, kuma karrama baƙo da ɗaki mai tsari ɗabi'a ce abar yabo. Abin da ya raba maginan nan da marubucin shi ne cewa su daga ginin suke fara lissafi, su san faɗin ɗakin da tsayinsa da abin da zai iya ɗauka kafin su yi masa ado, shi kuwa daga shago ya fara, ya bar ɗakin ya biyo baya.

Mafi rauni a cikin hujjojinsa ita ce ta kadara, domin galibin fitilun da ake sayarwa da sunan zinariya babu ko ɗigon zinariya a jikinsu. Yawancin waɗanda ke isowa kasuwar Alaba ta Legas da shagunan kayan wuta na Sabon Garin Kano daga ƙasar Sin suke fitowa, musamman daga garin Guzhen na lardin Guangdong, wanda ya yi suna wajen ƙera fitilu, kuma jikinsu baƙin ƙarfe ne ko alminiyum ko gamin tutiya da aka yi wa rufi mai launin rawaya. Rufin ma iri-iri ne. Mafi arha shi ne fenti ko wani siririn shafe da ake feshewa, wanda kan fara dusashewa ko ɓarewa idan laima da zafi suka yi ta bi ta kansa. Akwai wanda ake yi ta hanyar tsoma ƙarfen a ruwan sinadari a sa masa lantarki har wani ƙarfen ya manne a jikinsa, dabarar da 'yan gidan Elkington na birnin Birmingham suka yi wa rajista a 1840, kuma ko da zinariyar gaske aka yi amfani da ita, kaurin rufin da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, abin da ba maƙerin zinariyar da zai saya. Akwai kuma wani rufi na zamani da ake yi da sinadarin taitaniyom a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, wanda ya fi sauran tauri da jure goga, amma shi ma kamanni kawai yake yi da zinariya. Fitilun fadojin Faransa na ƙarni na 18, waɗanda marubucin ya yi ta kafa misali da su, tagulla ce aka shafe da zinariyar da aka kwaɓa da zaiba, sannan aka gasa har zaibar ta tashi, aikin da tururinsa ya lalata lafiyar masu yin sa da dama. Waɗannan ne ke da daraja a wurin masu tara kayan tarihi, kuma babu wata dangantaka tsakaninsu da abin da ke rataye a shago yau in ban da launi.

Mai saye yana da hanyar rarrabewa wadda marubucin bai ambata ba. Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama tagulla, don haka idan ya manne a reshen fitilar da aka ce ta tagulla ce zalla, magana ta ƙare. Idan bai manne ba, sai a dubi nauyi da kuma cikin kwanon da ke rufe wayoyi a sama, inda ba a cika wahalar yin rufi ba, domin alminiyum da tutiya su ma ba sa kama maganaɗisu, amma launinsu na asali fari ne ko toka-toka. Haka zancen yake ga duwatsun da ke lilo a jikinta. Gilashin da ake kira kiristal na ainihi yana ɗauke da dalma, wadda ke ƙara masa nauyi da iya rarraba haske zuwa launuka, fasahar da George Ravenscroft ya shahara da ita a Ingila tun wajajen 1674, kuma dokar Turai ta 1969 ba ta yarda a kira gilashi kiristal mai dalma ba sai sinadarin dalmar da ke cikinsa ya kai kashi 24 cikin ɗari. Kamfanoni irin su Swarovski na Ostiriya da Asfour na Masar sun yi suna a wannan fanni, amma da yawa daga abin da ake nuna wa mai saye gilashi ne na yau da kullum, wani ma roba ce wadda kan yi rawaya-rawaya idan ta tsufa, kuma ana gane ta da rashin nauyi da rashin sanyi a tafin hannu. Babu laifi mutum ya sayi ƙarfe da roba idan ya san abin da ya saya kuma ya biya kuɗinsu. Laifin marubucin shi ne ya sa shi ya biya kuɗin ado yana zaton ajiya ya yi.

Batun girma ya fi wannan hatsari. Marubucin ya kawo sunayen manyan gine-gine domin ya nuna cewa babbar fitila ita ce alamar ƙasaita, amma ya manta ya faɗi tsayin ɗakunan da suke ɗauke da su. Zauren madubai na fadar Versailles, wanda aka kammala a 1684, tsawonsa mita 73 ne, tsayin rufinsa kuma ya zarce mita 12. Babbar fitilar fadar Dolmabahçe ta Istanbul nauyinta ya kai tan huɗu da rabi, kuma a ƙarƙashin ƙubba take. Ta babban masallacin Sultan Qaboos na birnin Maskat, wanda aka buɗe a 2001, tsayinta kaɗai mita 14 ne. A duk waɗannan wurare fitilar tana da sararin da za a tsaya nesa a kalle ta, kuma an ƙera ginin ne da sanin nauyin da zai ɗauka. Falon gidan zamani na mai matsakaicin hali kuwa bai cika wuce ƙafa tara ko goma daga daɓe zuwa rufi ba, sannan mai POP ya zo ya sauko da silin ya cinye wani abu daga ciki. Masu tsara haske suna bin ƙa'idar cewa a wurin da mutane ke wucewa, ƙasan fitila kada ya sauko ƙasa da ƙafa bakwai daga daɓe, wato kimanin mita 2.1, wanda ke nufin a irin wannan falo abin da ya rage wa fitilar da sarƙarta bai kai ƙafa uku ba. A gidan da dogon mutum zai shigo da hula ko rawani, ya ɗaga hannu ya saɓa babbar riga a kafaɗa, ƙafa bakwai ɗin ma da ƙyar ta isa. Akwai kuma ma'aunin faɗi da aka saba amfani da shi: a haɗa tsawon ɗaki da faɗinsa da ƙafa, abin da ya bayar a ɗauke shi a matsayin faɗin fitilar da inci, ta yadda falo mai ƙafa 16 da 13 zai dace da fitila mai faɗin inci 29 ko kusa da haka. Wannan ma'auni ba wahayi ba ne, ana iya ɗan ƙarawa ko ragewa, amma ya isa ya nuna cewa shawarar ɗaukar mafi girma ba ta da madogara.

Abin da ya fi tayar da hankali a maƙalar shi ne jimlar da ta ce kowane mai wayarin zai iya rataya fitilar cikin awa ɗaya. Silin ɗin POP filasta ne, wato garin farin dutse da aka kwaɓa aka zuba a faifai, sannan aka ɗaure shi da waya ko zare a jikin katakon rufi, kuma an yi shi ne domin ya ɗauki nauyin kansa kawai. Fitila mai rassa goma sha biyu da duwatsun gilashi tana iya kai kilo 15 ko 20, wata ma ta zarce, kuma dokar wayarin ta Amurka, wadda ta yi bayani dalla-dalla a kan wannan, ta wajabta cewa fitilar da ta wuce kimanin kilo 23 a nema mata matokari na musamman, kada a dogara da akwatin wayoyi na yau da kullum. A gidan da aka zuba dakin, wato rufin kankare, ƙugiyar tana buƙatar ta shiga cikin kankaren da kansa ko ta kama rodi. A gidan kwano kuwa tana buƙatar katako mai kauri ko ƙarfen da aka gitta tsakanin ginshiƙai biyu, tare da tuna cewa gara tana cin katako a ɓoye, yoyon damina kuma yana jiƙa filasta ya sassauta shi. Wannan shiri tun kafin a rufe silin ake yin sa. Idan an riga an rufe, dole ne a yanka a shiga, ko da mai wayarin ya ce “Alhaji, zai riƙe”, domin wanda zai kwana a ƙarƙashin fitilar shi ne ya kamata ya ga ƙugiyar da idonsa. Kuma tunda jikinta ƙarfe ne, tana buƙatar wayar ƙasa, wato waya ta uku da ke janye wuta idan wata ta goge ta taɓa jikin fitilar, abin da gidaje da yawa ba su da shi a layin fitilu, alhali mai goge ta a kan tsani yake tsaye da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai da'awar cewa fitila ɗaya ta isa falo, wadda marubucin ya gina a kan yawan ƙwayaye, yana cewa mai ƙwai goma sha biyu ta ninka mai shida haske. Ana auna hasken da ƙwai ke fitarwa da lumen, hasken da ya sauka a kan wuri kuma da laks, wato lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Ƙaramin ƙwan LED mai siffar kyandir da ke cin wat 4 ko 5 yana ba da lumen kusan 470, don haka goma sha biyu za su ba da kimanin 5,600. A falo mai murabba'in mita 20, da a ce duk hasken zai sauka ƙasa, da an sami laks 280, amma ƙwayayen irin wannan fitila sama suke kallo, kuma silin da bango da labule da kujeru masu duhu suna shanye kaso mai yawa, ta yadda abin da ke isa ga mai zaune bai cika wuce rabin wannan ba. Hakan ya wadatar ga hira da karɓar baƙi, amma ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki ta ware laks 500 ga teburin karatu da rubutu. Falon Bahaushe kuwa wurin hira ne, wurin karatu ne, wurin cin abinci ne: a nan yara ke baje littattafai a kan kafet su yi aikin makaranta, a nan dattijuwa ke buɗe Alƙur'ani bayan sallar isha'i, a nan ake tsince shinkafa a faranti. Duk wanda ya zauna a ƙasa ya sunkuya a kan littafi, hasken da ke fitowa daga wuri ɗaya a sama zai jefa inuwar kansa a kan shafin da yake karantawa, wanda ya kishingiɗa a kujera kuma tsirarun ƙwayayen za su riƙa soka masa ido. Maganin wannan shi ne a rarraba haske: ƙananan fitilu da aka binne a silin ko aka kafa a bango su ɗauki aikin haskakawa, kowane rukuni da makunninsa, fitilar ado kuma a bar ta da aikin da aka yi ta dominsa.

Launin hasken ma marubucin ya juya shi, domin ya shawarci a sa farin ƙwai tas wai don zinariyar ta fi fitowa. Ana auna launin haske da kelbin: 2,700 zuwa 3,000 shi ne mai ɗumi, mai ɗan ja-ja irin na faɗuwar rana ko na fitilar ƙwai, 6,500 kuwa shi ne fari mai ɗan shuɗi irin na asibiti. Zinariya da duk abin da ya ɗauki launinta suna mayar da ja da rawaya, suna shanye shuɗi, saboda haka a ƙarƙashin haske mai shuɗi sai su dusashe su koma kamar tsohuwar tagulla, fuskokin mutane ma su yi fari-fat. Gaskiya ne mutane da yawa sun fi son farin ƙwai, suna ganin ya fi haske kuma ya fi sanyi a ido lokacin zafi, kuma wannan zaɓi ne da ba za a zarge su a kansa ba. Sai dai wanda ya fi son farin haske, fitila mai ruwan azurfa ce za ta fi yi masa kyau.

Akwai abubuwa biyu da duk mazaunin Arewa ya sani amma maƙalar ta yi shiru a kansu, kamar a wata ƙasa aka rubuta ta. Na farko fanka. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, tsakiyar silin wurin fanka ne, kuma wanda ya cire ta ya sa fitila ya ɗora wa kansa dogaro da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ƙaramin janareta ko inbata ba sa iya ɗauka. Idan an matsa su kusa da juna, iska za ta riƙa kaɗa duwatsun suna karo, idan kuma fikafikan suka gitta tsakanin ƙwai da mutane, hasken zai riƙa walƙiya a bango har ya sa ciwon kai. Na biyu ƙurar hunturu, wadda daga Nuwamba zuwa Maris take shiga ko ta ƙofar da aka rufe. Fitila mai ɗaruruwan duwatsu tana da ɗaruruwan fuskokin da ƙura za ta kwanta, kuma gilashin da ya yi ƙura ba ya ƙyalli, rage haske ma yake yi. Goge ta aiki ne na kashe wuta, a hau tsani, a bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi, ba tare da juya fitilar ba, domin juyawa na iya kwance ta daga maɗaurinta, kuma ba tare da sabulu mai kaifi ko man goge tagulla ba, domin su ne ke cinye siririn rufin nan. A mafi yawan gidaje wannan aiki a kan matar gida ko 'yar aiki yake faɗawa, kuma ba a cika tambayarsu ba ranar da za a je shago.

Wutar lantarkin kanta tana da nata hukuncin. Ƙwayaye goma sha biyu na tsohon yayi masu wat 40 suna cin wat 480, wanda idan aka kunna awa biyar kullum ya kama yunit 72 a wata. A farashin naira 225 da aka sanya wa masu amfani da wuta na rukunin Band A a Nijeriya a Afrilun 2024, wannan ya haura naira 16,000 a kan fitila ɗaya, ban da zafin da take ƙara wa ɗaki. Da ƙwayayen LED masu wat 4 lissafin yana komawa kashi ɗaya cikin goma, kuma a nan marubucin ya yi daidai da ya yabe su. Inda ya kauce shi ne fifita fitilun da aka gina LED ɗin a jikinsu, waɗanda ba a canza musu ƙwai, saboda suna da rimot kuma suna sauya launi. Irin waɗannan suna dogara da wani ɗan akwati da ke daidaita musu wuta, kuma shi ne ke fara ƙonewa a inda wuta ke zuwa rabi yanzu, ta dawo da ƙarfi an jima, ko ake sauyawa tsakanin janareta da layin gwamnati sau da yawa a rana. Idan ya ƙone kuma ba a sami irinsa a kasuwa ba, fitilar gaba ɗaya ta zama ƙarfen ado marar haske. Mai mazaunin ƙwai na E14, wato ƙaramin mai murɗawa da ake samu a kowane shagon kayan wuta, ta fi dacewa da wannan yanayi, domin idan ƙwai ya mutu shi kaɗai za a canza. Masu yin oda daga waje kuma su lura cewa fitilar da aka yi wa kasuwar Amurka ta bolt 120 ce, mazaunin ƙwanta ma ya fi ƙanƙanta, alhali wutar Nijeriya da Nijar tsakanin bolt 220 da 230 take.

Duk wannan bai hana fitila mai ruwan zinariya samun wurin da take yin kyau matuƙa ba, kuma da marubucin ya taƙaita da'awarsa ga waɗannan wurare da babu mai ja da shi. Gidan bene mai falon da rufinsa ya haɗe hawa biyu, ko saman matakala, ko babban zauren baƙi na gidan sarauta, duk suna da tsayin da take buƙata. A gida mai gajeren silin ma tana da wuri ɗaya, wato saman teburin cin abinci, inda ba mai wucewa ta ƙarƙashinta, don haka ana iya sauko da ita zuwa santimita 75 ko 90 daga fuskar teburin, muddin faɗinta bai wuce rabi ko kashi biyu cikin uku na faɗinsa ba. Ga falon da bai wuce ƙafa tara ba kuma fanka ta riga ta kama tsakiyarsa, akwai fitilu masu irin wannan launi da ke manne da silin ba tare da sarƙa ba, akwai kuma na bango da ake sawa bibbiyu, waɗanda hannu ke kai wa wajen gogewa ba tare da tsani ba. Amarya da za a kai gidan haya kuwa, inda ba a san abin da ke bayan silin ba kuma mai gida ba lallai ya yarda a fasa shi ba, waɗannan na bangon su ne za ta iya kwancewa ta tafi da su ranar da za a tashi.